Zuwa ga Ɗana, Kafin Ka Buɗe Garejinka a Kafanchan



 Mu nan Kafanchan lafiya ƙalau muke. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Saƙonka ya iso cewa maigidanka ya sa ranar yaye ka, kuma ka haɗa kuɗin kwamfutar gwajin mota. Mun gode wa Allah, mun gode wa wannan bawan Allah da ya riƙe ka amana. Allah ya saka masa da alheri.

Sai dai akwai magana ɗaya cikin saƙon da ta tsaya mini a rai. Ka ce masu sayen indomie, wato dunƙulen nan mai tace hayaƙi a salansar mota, suna bin garejojin Kaduna ɗaya bayan ɗaya, suna taya ta da kuɗin da ya fi ladan gyaran motar kanta, kuma wasu abokan koyonka suna cewa ba ta da wani amfani a ƙasar nan, Turawa ne suka sa ta don dokarsu. Ka tambaye ni abin da na gani. Da na so, da na kira ka a waya mun gama. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin ba kai kaɗai ake yi wa wannan huɗuba ba. Ana yin ta a nan, ana yin ta a Zonkwa da Kachia da Kwoi, kuma yaran da ake yi wa ita 'ya'yan mutane ne kamar kai.

Amsata a taƙaice: kada ka cire wa motar kowa abin da ba ka san aikinsa ba, wanda ka san aikinsa kuwa ba za ka so cire shi ba. Amma tun kana ƙarami ba ka karɓar hani sai da dalili, don haka bari in bi da kai hanyar mai, tun daga tanki har bakin salansa. Wasu abubuwan yanzu ka fi ni saninsu. Ka daure ka karanta.

Mu da kafireta muka tashi. Lokacin da na shiga gareji, Peugeot 504 ce ta cika hanya, wadda ake harhaɗawa a Kakuri tun 1975. Kafireta ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, iskar ta bi ta matsattsen wuya ta ƙara gudu, gudun ya janyo mai ta ɗan ƙaramin rami, su gauraya su shiga inji. Da sukudireba da kunne muke saita ta. A juya kusa kaɗan, a saurari silo, a ciro fulogi a dubi launinsa. Sana'a ce mai albarka, ita ta ci da ku ta tufatar da ku, ba zan taɓa raina ta ba. Amma kafireta inda aka saita ta nan take tsayawa. Motar da aka saita a Kafanchan, inda tsayin ƙasa ya ɗan haura mita 700, in ta bi ta Kagoro da Manchok ta hau Jos mai wajen mita 1,200, iska ta rage nauyi, ita kuwa kafireta ba ta sani ba. Sai mai ya rinjayi iska, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi. Da safiyar hunturu kuma sai an ja cok an yi ta lallashi.

Daga shekarun 1990 motocin Kwatano suka fara cika tasha, Golf da Vectra, daga baya Sharan da Sienna da Corolla. Injekta ba sabon abu ba ce ko a lokacin, domin tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa wa wata Volkswagen irin wadda lantarki ke sarrafawa. Mu ne ba ta iso gare mu da wuri ba. Da yawa cikin tsararrakina da suka buɗe murfin inji suka ga wayoyi a inda suka saba ganin kusoshi, sai suka bi hanya mafi sauƙi: a cire injekta a dasa kafireta. Mota takan tashi, mai ita ya yi murna 'yan kwanaki, sannan ya lura kullum yana bakin gidan mai. Wannan ɗabi'a ta tumɓuke abin da ba a gane ba, ita ce ta haifi maganar da abokanka ke yi maka yau.

Injin fetur lissafi ɗaya yake so: iska kilo 14.7 ga mai kilo 1. Duk wayoyin nan da sensocin nan wannan lissafin suke yi wa hidima. In mai ya wuce haka ba zai ƙone duka ba, ragowar ta fita a baƙin hayaƙi. In ya gaza, inji ya ɗau zafi ya riƙa fizga. Famfo yana cikin tanki, a nutse cikin mai. In ka murɗa makulli ba ka tada ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, za ka ji ƙuginsa na daƙiƙa biyu ko uku, yana cika layi. Shi ke turo mai ta filta zuwa bututun da injektoci ke jere a jikinsa, da matsin bar 3 zuwa 4 a yawancin motocin da za su zo hannunka, wato fiye da matsin iskar da ke cikin tayar motar. Kowace injekta ƙofa ce mai allura a ciki, wuta ke ɗaga allurar. Ƙwaƙwalwar mota, birenbos ɗin nan, da tsawon lokacin buɗe ƙofar take auna mai. A silo bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. In direba ya taka totur a hawan Kagoro, sai ta tsawaita.

Kafin ta yanke ko nawa za ta ba da, tana jin ta bakin masu kawo mata rahoto. Sensar karanshaf tana faɗa mata gudun inji da inda fistin yake. Sensar iska tana faɗin yawan iskar da ta shigo, shi ya sa hawan Jos ba ya ruɗa ta. Akwai mai faɗin yadda aka taka totur, akwai mai faɗin zafin ruwan inji. Ka riƙe wannan da kyau: ƙwaƙwalwa ba ta ganin komai da kanta, abin da aka faɗa mata da shi take aiki. In sensa ta kawo ƙarya, a kan ƙaryar za ta yi lissafi. Mafi yawan birenbos da na ga an canza a garin nan lafiyarsu ƙalau. Waya ce ta goge, ko soket ya yi tsatsa, ko wayar da ke ɗaure a jikin mota ta saki, aka sa mai mota ya sayi abu mafi tsada a banza.

Ka tuna famfon feshin da kawunka ke goyawa a gonar citta. In bakinsa na da kyau, magani yakan fita ya bazu ya rufe ganye. In ya toshe rabi, sai ya riƙa tsartuwa gefe guda yana ɗiga. Haka injekta take. Mai ba ya ƙonewa yadda ake so sai ya zama feshi ya cuɗanya da iska, ramukan bakinta kuwa ƙanana ne ainun, ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata su. In kana zarginsu, ciro su duka ka jera a na'urar gwaji. Ka dubi feshin kowace da idonka, ka dubi ko tana ɗiga bayan an rufe, sannan ka bar su su zuba cikin kwalaben awo lokaci ɗaya. Wadda kwalbarta ta gaza ta 'yan'uwanta ita ce mai laifi. Kada ka taɓa soka mata allura ko waya. Ramin da ka buɗa ba ya komawa.

Abin da ke kashe waɗannan kaya a ƙasarmu sananne ne, kuma rabinsa daga aljihu yake farowa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutane sun koma shan mai kaɗan-kaɗan, allurar tanki kullum tana kan ja. Ba na ganin laifinsu. Amma famfon nan mai ne ke sanyaya shi, in tanki ya kusa ƙafewa sai ya ɗau zafi, a kwana ko a hawa ya zuƙi iska, har ya ƙone. Ka riƙa nuna wa direbobi cewa in sun daure sau ɗaya suka kai tanki rubu'i, daga nan kuɗin da suka saba zubawa shi za su ci gaba da zubawa, sai dai allura ta daina sauka ƙasa. 'Yan bumburutu ma ba zan zage su ba, domin akwai ƙauyukan da in ba su ba babu mai. Sai dai jarkar da ta wuni a buɗe a bakin jar hanya, abin da ta kwasa cikin filta zai ƙare. Ga kuma ruwa. Daminarmu ta kudancin Kaduna mai ƙarfi ce, tun daga Afrilu har Oktoba, kuma ruwa yakan sami hanyar shiga tsofaffin tankunan ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Ka ajiye farar kwalba a rumfarka. Ka zuƙo man motar da ke fizga ka tsayar da shi 'yan mintoci, in da ruwa za ka ga layinsa a gindi ƙarara. A farkon 2022 an shigo da fetur daga Antwaf ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar, motoci suka riƙa mutuwa a Legas da Abuja jim kaɗan bayan barin gidan mai. Makaniken da bai yi tambaya ba a lokacin ya canza kaya masu lafiya. Don haka kafin ka ɗauki sifana, tambayi mai mota inda ya sha mai na ƙarshe.

Ƙurar hunturu kuma filtar iska ce maganinta. Direbobi sukan hure ta har ta yage, wasu su cire ta ɗungum wai inji ya sha iska. Ƙurar da ta wuce takan lulluɓe siririyar wayar da ke cikin sensar iska, sai ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ya shigo. Akwai ruwan feshi da aka yi don wanke ta. Ban da fetur, ban da hannu.

Akwai wani abu da kusan kowace 'yar Kwatano ke rasawa a makonta na farko, shi ne tamostat. Sai a ce ta ƙasar sanyi ce, a cire, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyi tun daga tashi. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Muddin bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar cewa safiya ce, tana ƙara mai, aikin da cok ke yi a da. Motar da ba ta da tamostat, da sanyin Disamba a hanyar Jos ko a gangaren Kagoro, takan daɗe ba ta kai zafinta ba, duk tsawon lokacin nan kuwa tana shan man da ba ta buƙata. Rarar man takan wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi ya ci kansa, sauran kuma ya gangara salansa. In mota tana zafi, ka nemi dalili a lagireto da famfon ruwa da fanka. In tamostat ce ta maƙale, a sa sabuwa.

Yanzu ga salansa, inda tambayarka take. Mutane sun ɗauka bututu ne kawai na zubar da hayaƙi. A zamanin kafireta kusan haka ne. A motar injekta kuwa, tun kafin hayaƙi ya yi nisa da manifol akwai sensa da ke shinshinar sa, tana auna ragowar iskar oksijin. In ragowar ta yi yawa, mai ya gaza, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara. In ta yi kaɗan, sai ta rage. Haka suke yi ba tsayawa muddin inji ya yi ɗumi. A kwamfutarka za ka ga irin ta dā tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Wato abin da ya fita ta baya shi ke gyara abin da zai shiga ta gaba. Bosch ne ya fito da wannan sensa a 1976, aka fara sa ta a motar Volvo ta Suwidin. Wanda ya taɓa salansa ya taɓa shan man motar, ko ya sani ko bai sani ba. Ko ɗan rami a gaban sensar nan ya isa ya shigo da iskar waje, sensa ta ce mai ya gaza, ƙwaƙwalwa ta yi ta zubawa.

Bayan ta sai indomie. Dunƙulen yumɓu ne mai dubban siraran ramuka, an shafe cikinsu da ƙarafa uku: filatinom da faladiyom da rodiyom. In ta yi zafin da ya kai wajen digiri 300, hayaƙin da ke ratsa ramukan yakan sauya. Iskar gubar nan kabon monoksayid, da man da bai ƙone ba, da wata iska mai ƙona huhu da zafin inji ke haifarwa, mafi yawansu sukan koma tururin ruwa da iskar da ba ta kisa. Ba ta iya wannan aiki sai lissafin 14.7 ya tsaya daidai, shi ya sa ita da sensar gabanta tare aka yi su. A bayanta akwai sensa ta biyu mai lura da ko tana aiki. Daga nan sai tukunyar salansa, mai ɗakuna da bututu masu huji da ke kashe ƙara. Wannan kowa ya san ta.

Ƙarafan nan uku su ake bi. 'Yan giram ne kacal a kowace mota, amma mafi yawansu daga ma'adinan Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su, kuma a Maris 2021 rodiyom ya kusa dala 30,000 kan awon wajen giram 31. Shi ya sa ake satar indomie a Ingila da Amurka, ba mu kaɗai ba. Mai taya ka ya san abin da yake saye. Mai motar ne kaɗai bai san abin da aka raba shi da shi ba.

Wani ɗan kasuwar citta daga wajen Kwoi ya taɓa kawo mini Sienna. Ya bar ta ta kwana a wani gareji a wani gari don a canza masa shokazoba, tun daga nan ƙararta ta canza, in ya tsaya a bayanta idonsa na yaji. Na kwanta a ƙarƙashi na haska. Bututun duk ya yi ja da ƙasar hanya da tsatsa, amma a jikin tukunyar indomie ga sabon layin walda mai shuɗi-shuɗi, ko ƙura bai gama kamawa ba. Na ƙwanƙwasa da sifana, ta amsa fayau, babu komai ciki. An tsage ta, an ƙwaƙule, an mayar an like. Da na fito na murɗa makulli, duk fitilun gaban direba suka kama ban da wutar cek. Muka buɗe muka tarar an manna mata baƙin tef ta ciki. Wannan ya fi satar ƙona mini rai. Wutar nan ita ce kaɗai hanyar da mota ke faɗa wa mai ita tana ciwo. An sace masa kaya, an kuma toshe bakin da zai gaya masa duk wata cutar da za ta zo nan gaba. Mutumin ya zauna a kan benci ya daɗe bai ce komai ba. Da wannan motar yake kai 'ya'yansa makaranta.

Motar da aka ƙwaƙule wa indomie tana tafiya, wannan gaskiya ne, kuma ita ce hujjar abokanka. Gaskiya ne kuma doka ce ta kawo ta: a Amurka aka fara sa ta a motocin 1975, bayan hayaƙi ya addabi birane irin su Los Anjalas. Amma huhun mutane ne ya kawo dokar, kuma huhun mai tallan gyaɗa a tashar Kafanchan irin nasu ne. Akwai lokacin da makanike zai ce manmu ne ke kashe ta, a yarda da shi, domin fetur mai dalma yana lalata ta. An daina irin wannan fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Saura salfa, wadda wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yawanta a man da ake kawo wa Afirka ta Yamma a 2016, har ECOWAS ta tsayar da iyakar kashi 50 cikin miliyan a 2020. Mai yana gyaruwa sannu a hankali. Bai kamata mu kuma mu riƙa lalata motocin ba.

Indomie takan toshe da gaske, ban musa ba. Za ka ga mota tana silo lafiya amma ta kasa hawa, kana taka totur tana shaƙewa, wani lokaci da dare tukunyar ta yi jawur. In ka kwance sensar gaba na ɗan lokaci ƙarfi ya dawo, ka gano. Amma ba ta mutuwa haka kawai, kashe ta ake yi. Fulogi ko koyil da ke yin mis yana tura ɗanyen mai ya je ya ƙone a cikinta har ta narke. Injin da ke shan baƙin mai yana like ramukanta. Gaskit da ya ƙone yana kai mata ruwa. Ka fara gyara wanda ya kashe ta, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi. Sannan ka kira mai mota ya leƙa da idonsa. Ko matacciya ce, dukiyarsa ce, tunda ana saye. Ka ba shi a hannu. In ba shi da halin sabuwa yanzu, ka faɗa masa abin da zai rasa kafin ya samu, ya yanke shawara da saninsa.

Maganar guba kuma ba ta littafi ba ce. Kabon monoksayid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta sau 200 da ɗoriya a kan oksijin. Ita ce ke kashe iyalan da ake ji sun kwana da janareta a ɗaki. Ka dubi Golf ɗinmu na haya ranar kasuwa: an cika but da buhuna, an ɗaure murfin da igiya a buɗe, iska tana mayar da hayaƙin cikin mota. Ka haɗa da salansar da dutse ya fasa a hanyar ƙauye. Yara su yi ta gyangyaɗi, mata su yi ciwon kai da amai, a ce wahalar hanya ce. Duk motar hayar da ta shigo hannunka, ko faci aka zo yi, ka leƙa ƙarƙashinta. Kai ma kada ka bar inji yana aiki a rufaffiyar rumfa, kada ka tsayar da yaro a bakin salansa yana riƙe maka fitila.

Kwamfutar da ka saya alheri ce. Tun 1996 Amurka ta wajabta soket ɗin nan mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, shi ya sa na'ura ɗaya ke karanta motoci iri-iri. Amma lambar da ta nuna maka alama ce, ba hukunci ba. P0171 cewa take yi gaurayen ya yi ƙarancin mai, ba ta ce sensa ta mutu ba. Yana iya zama tiyo ne ya tsage, ko famfo ya gaji, ko filta ta toshe. P0420 cewa take yi indomie ba ta aiki sosai, ba ta ce a yanke ta ba. Ka auna matsin mai, ka dubi zafin ruwa, ka kalli lilon sensa inji na aiki. Na ga masu jona kwamfuta su goge lamba su karɓi kuɗi, wuta ta dawo kafin mai mota ya kai Gidan Waya. Wannan cin haram ne, ko da na'urar ta fi ta kowa tsada.

Kada kuma na'ura ta sa ka raina ido da hanci. Kakanka a reluwe ya yi aiki, yana zuba gawayin Inugu a tukunyar jirgi, a garin nan da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos tun 1927. Daga launin hayaƙi yake sanin halin wutarsa, kuma shi ya fara koya mini kallon hayaƙi. A mota, baƙi mai ne ya yi yawa. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi ɗumi ruwa ne ya shiga silinda, ban da ɗan tururin safiya da ba shi da illa. Motocin dizal na yanzu kuma, irin su Hilux, matsin mansu yakan haura bar 1,500. In bututu na yoyo kada ka kai hannu don ka ji inda yake, yana huda fata.

Ka san mutanen da za ka yi wa aiki. Manoman citta ne na Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a, waɗanda cutar 2023 ta ruɓar musu da gonaki, har yau wasunsu ba su miƙe ba. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da direbobin da ke biyan balas kullum. Kirista da Musulmi duk za su ajiye maka makulli su juya baya su tafi. Babu mai rarar kuɗin sayen kayan da bai lalace ba.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai, NATA, a Kafanchan da kewaye su sa baki, a hana masu sayen indomie karɓa daga hannun yaran gareji sai da mai mota a tsaye. Masu motoci kuma, ku leƙa ƙarƙashin motarku kafin ku bar ta da bayan kun karɓa, ku tabbata wutar cek tana kamawa in an murɗa makulli ta kuma mutu in inji ya tashi, kuma duk abin da aka ce an canza ku ce a ba ku tsohon.

Kai kuma, ɗana, in za ka taho ka biya Panteka ka sayo agogon auna matsin mai da mitar gwada wuta, domin kwamfuta ita kaɗai ba za ta ishe ka ba. Ka yi ƙoƙari ka iso kafin a fara haƙar citta, lokacin ne motoci ke fita da yawa. Ka roƙi maigidanka gafara da albarka kafin ka baro shi, ka kuma isar masa da gaisuwata.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka.

Mahaifinka,
Kafanchan.